Intanet na ƙungiyar gama-kai, wai da gaske mutane na iya mallakar nasu?

Abu_Hanif:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana harkar sadarwa a taimaka min da bayani, akwai abin da ya jima yana min yawo a kai. Naji ana cewa a wasu ƙasashen mutanen ƙauye ko na unguwa sukan haɗa kai su kafa ƙungiyar gama-kai su ja intanet ɗinsu da kansu, su ne masu shi kuma su ne kwastomomin, wai ba sai sun jira manyan kamfanoni ba. To ni abin da ya ɗaure min kai, shi intanet ai ba abu bane da ake ƙerawa a gida, daga ina suke samo shi? In dai a ƙarshe wajen kamfanin zasu koma su saya to meye amfanin wahalar, ba dillali aka ƙara a tsakani ba kenan?

Sannan maganar kuɗi, waye ke zuba jarin farko, wa ke riƙe kuɗin wata, in an samu riba ina take zuwa, in kuma an faɗi wa zai ɗauki asarar? In waya ta tsinke cikin dare ko iska ta kada eriya wa za a kira? Kuma hukuma na barin kowa ya tashi kawai ya fara raba intanet? Wani abokina yace min ai duk ɗaya ne da mutumin da ya sa waifai a gidansa yana sayar wa maƙwabta kalmar sirri, ni kuma inaga kamar akwai bambanci amma na kasa kamo bakin zaren. Inaso na fahimci abin sosai ne, wanda ya sani ya yi min dalla-dalla, Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Bashir:

Wa alaikumus salam Malam Abu Hanif. Bari na fara da ta farkon, in ta warware sauran zasu zo da sauƙi.

Babu wani kamfani a duniya da yake da intanet shi kaɗai a ajiye yana ɗiba yana sayarwa. Netwok ne dubbai, kowanne da mai shi, suka yarda su haɗa wayoyinsu su riƙa miƙa wa juna saƙo. Kamfanin da kake biya duk wata shima saye yake daga wanda ya fi shi girma, wancan kuma yana haya a wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, haka abin yake tafiya. Don haka eh, ƙungiya ma saye take, amma sari take yi daga manyan dillalan layi, ba daga mai sayar wa ɗaiɗaikun mutane ba, kuma tsakanin kuɗin sari da na ɗai-ɗai akwai tazara mai yawa. Wadda ta yi ƙarfi ma takan karɓi lambar netwok ɗinta da adireshinta daga hukumar rajista ta yankinta, irin su AFRINIC a Afirka ko RIPE NCC a Turai, ta kai wayarta har cibiyar musayar intanet inda netwok daban-daban ke haɗuwa, a nan sai ta riƙa musaya kai tsaye da wasu, galibi ba tare da biyan juna ba. Kaga ta zama cikakkiyar mai bada sabis kamar kowa.

Inda tsadar take da wahalar shi ne zangon ƙarshe, wato daga babban layi zuwa ƙofar gidanka. Ita wayar faiba kanta, wato wayar gilashi mai ɗaukar saƙo da haske, bata da tsada can, haƙa rami da binne bututu da neman izinin ratsa filin mutane su ke cinye mafi yawan kuɗin. Kamfani in zai shigo wuri lissafi yake, gida nawa ne a kowace kilomita, mutum nawa zasu biya, shekara nawa kafin jari ya dawo da riba, in lissafin bai fita ba bazai zo ba ko da kun shekara kuna rubuta masa takarda, kuma ni bana kiran wannan mugunta don kuɗin masu hannun jari ne a hannunsa kuma riba suka aiko shi nema. Ita ƙungiya tambayarta ɗaya ce, abin da zamu tara zai riƙe gyara da albashi da biyan bashi? In zai riƙe shikenan an fara aiki. Wurin da kamfani ya ga asara su sai su ga ya isa.

Misalin da nafi so shi ne B4RN a arewacin Ingila, yankin Lancashire, an yi mata rajista a 2011. Ƙauyuka ne na manoma, gidaje a warwatse, manyan kamfanoni sun ƙi kai musu layin kirki. Sai masu gonaki suka yarda a ratsa gonakinsu kyauta, aka bar bin gefen kwalta inda haƙa ke da tsada da tarin takardun izini, manoma suka fito da tarakta suka yi haƙan da kansu, masu sa kai suka koyi haɗa faiba, wanda yayi aikin haƙa ma ana iya biyansa da hannun jari maimakon kuɗi. Ƙarshe gidan gona da ke can bayan tudu ya samu layi mai saurin gigabit 1, wato megabit 1,000 a daƙiƙa, saurin saukewa da na ɗorawa duk ɗaya, a lokacin da mutane da yawa a manyan birane basu da irin wannan. Kuma tsarinsu in an shiga ƙauye kowane gida ake nufa har na can ƙurya, ba a zaɓi na kusa a bar na nesa ba, wannan ni a wajena shi ne ya fi saurin ma muhimmanci.

Inda babu halin binne faiba sai a bi ta iska. Akwai zangon iska, wato mitar rediyo da na'urori ke aika saƙo a kanta, na 2.4 da 5 GHz da yawancin ƙasashe suka bari a yi amfani da shi ba sai da lasisin zango ba, shi waifai ɗin gidanka ke hawa. Ana kafa eriya a wuri mai tsayi, kan bene ko tankin ruwa ko tsauni, ta hango 'yar uwarta a nesa, sharaɗin dai su ga juna ba bishiya ba gini a tsakani, da haka ake ɗauko layi daga nisan kilomitoci a rarraba. Guifi.net a yankin Kataloniya na ƙasar Sifen haka ta fara a 2004 a wani ƙauye da ake kira Gurb, wani mutum Ramon Roca da maƙwabtansa, kowa ya sayi na'urarsa ya haɗa da ta kusa dashi, yau wuraren da ke haɗe sun haura 30,000 kuma tuni suka shiga binne faiba su ma. Sai dai a sani, ta iska duk tsallen da saƙo yayi daga eriya zuwa eriya sauri na iya raguwa, ga tsawa ga matsalar wuta, dole a yi tanadin sola da batir da kariyar aradu tun farko.

Abu ɗaya da nake so mutane su gane. Duk mai bada sabis, kamfani ko ƙungiya, yana sayar da fiye da abin da ya saro, saboda ba kowa ke amfani a lokaci ɗaya ba. Wannan ba ha'inci bane, da haka harkar ke tsayawa. Amma mutum nawa aka ɗora a kan layi ɗaya, nan ne maganar take. A kamfani ba a faɗa maka, sai dai ka ga da magariba komai ya tsaya. A ƙungiya kana iya miƙewa a taro kace a nuna mana megabit nawa muka saro kuma mu nawa ne a kai, in an ga ya yi kaɗan a yanke shawarar ƙarowa kowa ya san abin da zai hau kansa.

Hajiya_Rabi:

Sannu da ƙoƙari Injiniya, ka gama da ɓangaren waya. Ni aikina riƙe littafin kuɗi ne na ƙungiyoyin gama-kai, ta nan zan shigo, don Malam Abu Hanif abokin nan naka da yace duk ɗaya ne da mai sayar da kalmar sirri bai kalli inda bambancin yake ba. Mai waifai ɗan kasuwa ne, ƙaramin kamfani ne kawai, na'urar waifai ɗin tasa ce, ranar da ya ga dama ya ƙara kuɗi ranar da ya tashi daga unguwar ya tafi da kayansa. A ƙungiyar gama-kai kayan na membobi ne a rubuce, da rajista, da kundin dokoki.

Tsarin nan ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1844 mutum 28 a garin Rochdale na Ingila, da yawansu masaƙa, suka kafa ƙungiyar da har yau ake koyi da ƙa'idojinta, kuma a 1995 babbar ƙungiyar gama-kai ta duniya ta sake tsara su zuwa guda 7. Wadda ta fi shafar tambayarka ita ce memba ɗaya ƙuri'a ɗaya. A kamfani ƙuri'a na bin yawan hannun jari, wanda ya zuba da yawa shi ke da magana, kai kuma kwastoma baka da ko ɗaya, iyakarka ka kira layin ƙorafi ko ka koma wani kamfanin in akwai shi. A ƙungiya wanda ya sa jari mai yawa da tsohuwar da ta biya mafi ƙanƙantar kuɗin shiga ƙuri'arsu ɗaya, su ke zaɓen kwamitin gudanarwa, su ke amincewa da kuɗin wata, kuma zasu iya sauke shugaba a babban taron shekara.

Jarin farko yakan fito daga wurare da dama, kuɗin shiga na membobi, hannun jari da ake sayar musu, rance, wani lokacin tallafin gwamnati ko na masu bada agaji. Kuɗin wata kuma shi ke biyan layin da aka saro, wuta, ma'aikata, gyara, da bashin. Abin da ya yi saura mu rara muke ce masa, kuma membobi ne ke yanke inda za ta. Ko a ajiye a asusun ko-ta-kwana, ko a ƙara ja layi zuwa waɗanda basu samu ba, ko a rage kuɗin wata, ko a mayar wa kowa gwargwadon amfanin da yayi da sabis ɗin. A lura, gwargwadon amfani nace ba gwargwadon jari ba. A Amurka haka ƙungiyoyin wutar lantarki na karkara suke yi, ana rubuta wa kowane memba kasonsa a littafi, bayan shekaru in asusu ya yi ƙarfi a biya shi. Su waɗannan ma tarihinsu ya dace da zancenmu, don a tsakiyar shekarun 1930 kusan gidan gona 1 cikin 10 ne kawai ke da lantarki a can alhali birane sun wadata, kamfanoni sunce karkara bata biya, sai gwamnati ta yi dokar 1936 ta bada rance mai sauƙi manoma suka kafa ƙungiyoyi suka ja wuta da kansu. Yau suna nan wajen 900, kuma sama da 200 a cikinsu sun shiga harkar intanet, tunda dama suna da turaku da motoci da ma'aikata da sunan kowa a littafi, sai dai kawai a rataya faiba.

Ita B4RN da Injiniya ya kawo tsarinta ya ɗan bambanta, an yi mata rajista ne a matsayin ƙungiyar amfanin al'umma, ba a raba rarar tsakanin membobi, cikin aikin take komawa ko al'ummar yankin, kuma an ɗaure kadarorin ta yadda wasu ba zasu wayi gari su sayar su raba kuɗin ba. Wannan ɗaurin ina son shi ƙwarai, don ranar da abu ya yi kyau ranar masu saye ke zuwa da tayi mai tsoka.

Kuma kar a haɗa su duka a kira su abu ɗaya. Akwai wanda hukumar gari ce ke da shi, kamar na birnin Chattanooga a Amurka da hukumar wutar birnin ta kawo gigabit 1 tun 2010, wannan na gwamnatin gari ne ba na membobi ba. Akwai na masu sa kai zalla irin Freifunk a Jamus da NYC Mesh a New York, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Akwai masu rajistar ƙungiya mara neman riba kamar FDN a Faransa da ke nan tun 1992. Duk danginsu ɗaya amma in ana maganar wa ke da hakki wa ke da alhaki, kowanne da nasa.

Asara kuma da ka tambaya, to gaskiya ta membobi ce. Yawanci iyakar abin da mutum ya zuba ne zai tafi, ba a bin gidansa, amma dai ya tafi ɗin. Kamar gidan haya ne da gidan kanka, ɗan haya in rufi na yoyo mai gida zai kira ya jira, in gidanka ne ba mai ƙara maka haya ba mai tashinka amma kai zaka nemo kafinta kai zaka biya.

Malam_Garba:

Injiniya da Hajiya Allah ya ƙara sani, amma ku min haƙuri zan kawo ɗaya gefen don kar ɗan'uwanmu ya tafi da rabin labari. Ni ina goyon bayan abin nan har zuciyata, shi yasa ma bana so a riƙa faɗin daɗinsa kawai.

Kafawa ba ita ce wahalar ba, ranar kafawa kowa na nan, ana murna ana ɗaukar hoto. Shekara ta uku ta huɗu ake gane gaskiya, lokacin da batir ya fara mutuwa, rediyon kan eriya ya tsufa, yaron nan ɗaya tilo da ya iya saita na'urorin ya samu aiki a wani gari ya tafi, kuma dama duk kalmomin sirrin a kansa suke ba a rubuta ko'ina ba. Mai sa kai mutum ne, yana da iyali yana da sana'a, zai hau bene cikin ruwan sama sau ɗaya sau biyu saboda kishi, amma bazai yi ta yi shekara da shekaru ana kiransa da tsakar dare ba ko sannu ba. Kamfani duk laifinsa yana da ma'aikata masu albashi dare da rana, yana da kayan canji a sito, yana sayen na'urori dubbai lokaci guda a rage masa kuɗi, yana da masu tsaron netwok daga masu kutse da lauyoyin da zasu amsa in hukuma ta aiko takarda. Kuma layin wayarka na kamfani yana binka duk garin da ka je, na ƙungiya kana fita daga yankin ya ƙare.

Sannan memba ɗaya ƙuri'a ɗaya a takarda ne Hajiya, kin fi ni sani. In mutane basa zuwa taro sai ka ga mutum huɗu biyar sun riƙe kwamiti shekara da shekaru, littafi ba mai dubawa, sai ta koma kamfanin wasu tsiraru da sunan al'umma, wanda wannan ya fi kamfanin gaskiya muni tunda shi kamfani aƙalla hukuma na sa masa ido. Ga kuma kunya, wanda baya biya maƙwabcinka ne ko surukinka, wa zai yanke masa layi? Kuma saboda ana so a faranta wa kowa sai a sa kuɗin wata ƙasa da abin da aikin ke ci, a manta cewa na'ura tana da shekarun da za ta yi ta mutu.

Ko a ƙasashe masu kuɗi ana tuntuɓe. RS Fiber a jihar Minnesota ƙungiyar gama-kai ce, ƙananan garuruwan yankin suka ciyo bashi suka ranta mata don ta fara, masu shiga basu kai yadda aka yi hasashe ba, a 2018 aka sanar cewa kuɗin bazai isa biyan rancen ba, nauyin ya koma kan garuruwan wato kan masu biyan haraji, har da wanda bai taɓa haɗa layin ba. Ta ci gaba da aiki bayan an sake tsarin bashin, amma an ji jiki. Kuma ita B4RN ɗin a tuna mutanenta na da tarakta, suna da ɗan abin da suka ajiye da zasu sayi hannun jari, akwai tsofaffin ma'aikata masu ilimi da lokaci. Wanda abincin yau ma sai ya fita ya nemo, ina zai samu ranar da zai bayar kyauta yana haƙa rami?

Abu_Hanif:

Kai masha Allah, na ƙaru sosai wallahi, Allah ya biya ku duka. Yanzu na gane maganar sari da ta zangon ƙarshe. Amma tambayar Malam Garba ta ƙarshe ta tsaya min a rai, kenan abin na masu hali ne kawai? Don ni a tunanina waɗanda kamfani ya tsallake ai su ne marasa halin. Kuma Injiniya baka taɓo min maganar hukuma da lasisi ba.

Injiniya_Bashir:

Malam Garba duk abin da ka faɗa haka yake, musamman na yaro ɗaya da komai ke kansa, wannan ya kashe netwok da yawa. Amma marasa hali ma sun yi, sai dai da wani salo.

A Afirka ta Kudu akwai Zenzeleni a Mankosi, karkara ce sosai a lardin Eastern Cape, lokacin da aka fara a 2012 tare da masu bincike daga Jami'ar Western Cape yawancin gidajen ko lantarki babu. Da sola aka kunna na'urorin, aka ajiye su a gidajen mutanen da al'umma da kanta ta zaɓa ta amince dasu, kuma kuɗin farko da ya fara shigowa daga cajin waya ne da ake yi da ragowar wutar solar. A 2014 suka yi rajistar ƙungiyar gama-kai, hukumar sadarwar ƙasar ICASA ta ɗauke musu buƙatar lasisi. Abin lura, daga baya sai aka yi hawa biyu, ƙungiyar ƙauye ita ke da netwok ɗin ita ke karɓar kuɗi, sama da ita kuma akwai wata mara neman riba da ke riƙe aikin da ya fi ƙarfin ƙauye ɗaya, horo, ciniki da dillalan layi, takardun hukuma, injiniyoyi.

Mekziko ma haka, a jihar Oaxaca garin Talea de Castro ya kafa nasa sabis ɗin wayar salula a 2013 da taimakon ƙungiyar Rhizomatica bayan kamfanoni sun ƙi zuwa, shi nasu kira ne da saƙon tes aka fara dashi. Garuruwan suka haɗu a inuwa ɗaya, a 2016 hukumar sadarwar ƙasar ta basu lasisin zango na musamman don al'ummomin asali. Gari ke sayen na'urarsa, kuɗin wata kuma a raba, wani kaso ya zauna a garin wani ya tafi uwar ƙungiya mai kula da gyara. Kaga amsar matsalar mai sa kai kenan, ƙauye ɗaya bazai iya riƙe injiniya ba amma ƙauyuka goma zasu iya. Guifi.net kuma wata hanyar ta bi, ta kafa gidauniya a 2008, ta bar ƙananan kamfanoni su hau layin al'umma su sayar da sabis su ci ribarsu, da sharaɗin ana lissafa abin da kowa ya zuba da abin da ya ci, wanda ya ci fiye da abin da ya zuba ya biya cikon. Wato mai gyara na samun abincinsa amma layin bai zama nasa ba.

Maganar hukuma kuwa, a'a ba a tashi kawai a fara. Zangon waifai ba ya buƙatar lasisi a mafi yawan wurare, amma sayar wa jama'a sabis wani abu ne daban, kusan ko'ina sai da lasisi ko rajista ko takardar da ta ɗauke maka, kuma zangon wayar salula shi kam sai an baka. Rajistar ƙungiyar ma ofishinta daban. Kuma a karanta yarjejeniyar layin da za a ɗauko, don layin da ake sayar wa gida ɗaya, na waya ne ko na tauraron ɗan'adam, galibi an rubuta ba a yarda ka sake sayarwa ba, ranar da suka gano su yanke kowa ya zauna. Layin sari ake nema wanda aka rubuta a ciki cewa rabawa za a yi.

Hajiya_Rabi:

Malam Garba ban musa maka ko ɗaya ba, wanda ya riƙe littafi ya san zafin taron da ba kowa. Amma waɗannan cututtukan an san su kuma an san maganinsu. Elinor Ostrom da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009 rayuwarta ta ƙare tana nazarin al'ummomin da ke riƙe dukiyar tarayya, ruwan noma, daji, wurin kamun kifi, kuma abin da ta gani a wajen waɗanda suka daɗe shi ne an san waye memba waye ba memba ba, masu amfani su ke tsara dokar, akwai masu sa ido da ke amsa tambayar jama'a, hukunci hawa-hawa ne daga gargaɗi zuwa sama, kuma akwai wurin sasanta rigima kusa ba tsada.

Malam Abu Hanif in wata rana kun tashi yi, kafin a karɓi kuɗin kowa a fara ƙirga gidajen da suka sa hannu cewa zasu shiga, a yi lissafi da rabinsu, in ya tsaya a haka to. A cikin kuɗin wata a ware kason canjin na'urori tun watan farko a asusu daban da ba a taɓawa sai da sa hannun mutum biyu ko uku, kuma mai karɓar kuɗi daban mai rubutawa daban. Mai gyara a biya shi ko kaɗan ne, a koya wa aƙalla mutum uku har da mata don su suka fi zama a gari, taswirar layi da kalmomin sirri a rubuce a wajen kwamiti. A sa wa'adin shugabanci, a kawo mai binciken littafi daga waje duk shekara a karanta sakamakon a gaban kowa. A rubuta wa ke da ikon ganin bayanan abin da membobi ke yi a layin da kuma iyakarsa, don wanda ke riƙe na'urar maƙwabcinka ne, in ba a yi wannan ba mutane zasu ji tsoron shiga. Maganar bashi kuma a yanke ta tun yanzu da kowa ke shiri da kowa, wata nawa ake ɗaga wa mutum ƙafa, yaushe ake rage masa sauri, yaushe ake yankewa, da yadda wanda ya shiga wani hali zai nemi sassauci a wajen kwamiti ba tare da an tona masa asiri a taro ba.